Farautar Ƙoƙon Kai da Kyamarar Salula

Ramuka biyu a sama, ɗan tsagi a tsakiya, jerin layuka a ƙasa. Iyakar abin da ido ke bukata ke nan kafin ya yanke hukunci cewa ƙoƙon kan mutum yake kallo. Shi ya sa masu farautar wannan siffa da kyamarar salula, waɗanda hotunansu ke yawo a Instagram da Facebook daga sassan duniya, ba sa kwana ba su samu abin ɗauka ba. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai da wannan niyya, kafin ya fita daga layin masu tsofaffin ƙarafa zai ƙoshi: ga kan injin babur da aka kwance, ga tsohon murhun gawayi da tsatsa ta huda, ga bulo mai rami biyu da gefensa ya ɓare. A gida ma akwai soket mai zagayayyun idanu, da tandar masa idan hasken hantsi ya bugo ta a karkace, da kwakwa mai idanunta uku.

Ba aljani ba ne, ba kuma ciwon ido ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam gaggawa gare ta wajen neman fuska. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka suka bayyana wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa da ke motsawa musamman idan an ga fuska, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa abin da ya yi kama da fuska ma yana tayar da ƙwaƙwalwa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, tun tunani bai tashi daga barci ba. Dalilin da masana suka fi kawowa mai sauƙi ne: wanda ya ɗauki kututture a matsayin mutum da dare tsoro kawai ya ji, wanda kuwa ya ɗauki ɗan fashi a matsayin kututture ya shiga uku. Har sararin sama abin bai bari ba. A watan Yulin 1976 kumbon Viking 1 ya aiko da hoton wani tudu a duniyar Mars mai kama da fuska, aka yi shekaru ana cece-kuce, sai da hotuna masu kyau suka zo a 1998 da 2001 aka ga tsauni ne kawai da inuwa ta yi wa kwalliya.

Masu zane sun daɗe da sanin wannan rauni na ido, sun kuma ci abinci da shi. Hans Holbein, a zanensa na jakadu biyu na 1533 da ke London, ya shimfiɗa wani abu dogo a ƙasan hoton wanda ba ya zama ƙoƙon kai sai mai kallo ya koma gefe. Charles Allan Gilbert a 1892 ya zana mace zaune gaban madubi. Idan an ja baya, kanta da hotonta na cikin madubin su koma ramukan ido, kwalaben turarenta su koma haƙora. Waɗannan duk da gangan aka yi su. Abin da ya bambanta masu salula shi ne, su tsintuwa suke yi, kamar wanda ya tarar da malam-buɗe-littafin dare mai tambarin ƙoƙon kai a gadon baya, wanda ake samu a Afirka yana shiga amya satar zuma, ko wanda ya ga hoton dutsen sama da ya gifta kusa da duniya ranar 31 ga Oktoban 2015 da ramuka biyu a jikinsa.

Wasa ne mai kyau, kuma ya cancanci a kare shi daga masu cewa aikin banza ne. Saurayin da ya saba wuce Gadar Kennedy a cikin faba-faba kansa na cikin waya, idan wannan farauta ta sa ya fara duban bango da itace da inuwa, ya koyi darasin farko na ɗaukar hoto ba tare da ya biya kowa ba. Zai gane da kansa cewa da tsakar rana siffar ɓacewa take yi, sai la'asar sakaliya ramukan ke yin zurfi.

Amma a faɗi gaskiya, mafi yawan hotunan ba su da daɗin kallo karo na biyu. Ƙoƙon kai shi ne mafi arhar siffa, tun da ba ya bukatar leɓe ko gira ko murmushi; duk abu mai huda biyu ya isa. Mai gaggawa sai ya matso da kyamara har abin ya cika allo, ya ƙara baƙi a ramukan, wani ma ya sa manhaja ta gyara masa haƙoran. Da an yi haka an kashe wasan, domin daɗinsa yana wurin da ido ke kai da komo: yanzu tanda ce, yanzu kai ne, yanzu ta koma tanda. Hoton da ya nuna tandar tare da hannun mai suya da hayaƙi da layin yara masu jiran masa, ya bar mai kallo ya tsinci ƙoƙon da kansa, shi ne hoto. Mai masar kuma a gaishe ta a nemi izininta, ba ado ba ce da aka ajiye a bakin titi.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan nauyi, wadda mai ɗaukar hoto a Paris ba ya tunaninta. A nan hoto ba ya tafiya shi kaɗai. Yana shiga WhatsApp wani zai ɗora masa murya. Mutane ko'ina suna son karanta saƙo a jikin abin da suka tsinta. A 2004 an sayar da wani gasasshen burodi da cuku a eBay kan dala 28,000 saboda an ce fuskar Maryamu ce a jikinsa, a 2008 kuma jama'a sun yi tururuwa zuwa wani gidan abinci a Birnin Kebbi don ganin naman da aka ce sunan Allah ya fito a kai. Waɗannan ba su jawo wa kowa zargi ba. Ƙoƙon kai kuwa tsoro yake kawowa, tsoro kuma yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Tabon damina a katangar wata tsohuwa, ko huda biyu a jikin kayan wani ɗan kasuwa, idan aka yaɗa da “ku duba abin da aka gani a gidan wance”, zai iya zama zargin tsafi ko maita kafin magariba. Wanda ya ɗauki hoto ya rubuta abin da ya ɗauka da sunansa, bulo ne ko garwa, kuma kada ya nuna ƙofar gidan kowa. Yara ma a bambance musu na wasa da na gargaɗi: wanda ke jikin taransifoma da kwalbar maganin ƙwari mutum ne ya zana shi, kuma da gaske yake.

Abin mamaki, Nijar, ƙasar da Yamai take, tana cikin wuraren da ido mai neman ƙashi ya fi cin riba a duniya. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, akwai ƙasusuwan Sarcosuchus, ƙaton kadan da aka tono a Gadoufaoua cikin jihar Agadez, irin wanda kansa kaɗai kan haura mita ɗaya da rabi. Daga yankin ne kuma aka samo Nigersaurus, dabbar da Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999, mai haƙora wajen 500 a baki mai faɗi. A maƙwabciya Chadi, a 2001, Ahounta Djimdoumalbaye ne ya hango wani dunƙule a yashin Djurab wanda ya zama Toumaï, ƙoƙon kai mai shekaru kusan miliyan bakwai. Masu wannan aiki su ma ido suke sakewa ya yi ta zato, ya ɗauki dutse a matsayin ƙashi sau da yawa, sannan su durƙusa su duba.

A shekarar 2000, mai ɗaukar hoto na ayarin Sereno, Mike Hettwer, ya ratse zuwa wasu tuddan yashi a Tenere, sai ya ga ƙasusuwan da ba na dinoso ba ne. Wurin shi ne Gobero, maƙabarta mai kaburbura wajen 200 ta mutanen da suka zauna a bakin wani tafki lokacin da Sahara take kore, wasunsu kusan shekaru dubu goma da suka wuce. A ɗaya daga cikin kaburburan an tarar da mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe.