Ƙagaggen Labari a Bakin Bebe: Tsokaci kan Finafinai Marasa Sauti da Masu Tara Su

1.0 Gabatarwa

Kafin magana ta shiga sinima a 1927, masu shirya fim a Turai da Amurka sun riƙa ɗauko fitattun ƙagaggun labarai suna mayar da su hoto mai motsi. Akasarin finafinan sun salwanta, domin faifan da aka ɗauke su a kai yana ruɓewa, ga kuma saurin kama wuta. Wannan maƙala tana ganin cewa ƙarancin da yake jan hankalin masu tara su ba shi ne ma'aunin darajarsu ta adabi ba.

2.0 Misalai Biyu

A 1910 kamfanin Edison ya fitar da Frankenstein, daga littafin Mary Shelley na 1818, cikin kimanin kwatan awa. An daɗe ana zaton ya ɓata, ashe kwafi guda yana hannun wani mai tara finafinai a jihar Wisconsin. Wannan kaɗaici ne ya ɗaukaka sunansa. Sai dai ƙashin bayan littafin shi ne dodon da ya koyi harshe, ya tuhumi mahaliccinsa da fasahar zance. Da aka raba shi da harshe, sai jigon ya rushe, aka bar mai kallo da abin tsoro kawai.

Nosferatu na Murnau (1922) ya sha bamban. An gina shi kan Dracula na Bram Stoker (1897) ba tare da izini ba, har matar marigayin ta kai ƙara, kotu a Jamus ta ba da umarnin lalata kwafinsa a 1925, amma wasu suka tsira. Littafin tarin wasiƙu ne da kundin tunawa. Murnau bai yi ƙoƙarin kwafo wannan zubi ba, sai ya musanya shi da inuwa a jikin bango da ɓeraye da annoba. Nan hoto ya ɗauki nauyin da kalma ta sauke.

3.0 Kammalawa

Finafinan biyu abin marmari ne ga mai tarawa, amma ɗaya ne kawai ya ci sunan fassara. Duk da haka, manazarci ba zai raina mai adanawa ba: Shaihu Umar na Adamu Halilu (1976), ko da yake mai sauti ne, shi ma ya yi ɓatan dabo kafin a gyara shi a nuna a Balin a 2018. Aikin mai tarawa ceto ne. Hukunci kuwa na mai nazari ne.