Kwafar Zanen Magabata a Koyon Zana Fuska da Fentin Mai

A al'adar zane ta Turai, kwafar aikin gwanayen da suka shuɗe tana cikin tsofaffin hanyoyin koyon zana fuskar mutum da fentin mai, wato fentin da ake kwaɓa garin launinsa da mai, galibi wanda ake tatsa daga 'ya'yan tsiron lilin. Tun wajen shekarar 1400, kafin irin wannan fenti ya yaɗu a Italiya, mai zane Cennino Cennini ya shawarci ɗalibi da ya zaɓi gwani guda ya dage da kwafar aikinsa. Bayan buɗe gidan adana zane-zane na Louvre a birnin Faris a 1793, masu kwafa sun samu damar zama gaban zanen asali suna aiki, kuma har yau ana ba su izini bisa sharaɗin girman kwafin ya bambanta da na asalin.

Muhimmin abin da ɗalibi yake nema a nan shi ne jerin matakan da gwanin ya bi, domin tsohon zanen fuska shafe-shafe ne da aka ɗora wani kan wani, kuma na ƙarshensu kaɗai ido yake gani sosai. Da yawa daga cikin magabata sukan fara rina ƙyallen da za su yi zanen a kai da launin ƙasa, sannan su fitar da haske da inuwar fuskar da launi ɗaya ko biyu, sai bayan wannan ya bushe su kawo launin fata, daga ƙarshe su bi da shafi mai ruwa-ruwa wanda haske ke ratsawa ya dawo, abin da ke sa kunci da leɓe su yi kamar akwai jini a ƙarƙashinsu. Akwai kuma ƙa'idar cewa kowane shafi na sama ya fi na ƙasa yawan mai, saboda mai yana jinkirta bushewa, idan kuwa na sama ya riga na ƙasa bushewa sai fentin ya tsattsage. Wanda ya kwafi launin da ya gani kai tsaye, ba tare da ya sake gina waɗannan matakai ba, zai iya fitar da kamannin, amma ilimin ya wuce shi.

Manyan gwanaye ma sun yi wannan karatu. Rubens ya riga ya shahara lokacin da ya zauna kwafar ayyukan Titian a Madrid a 1628, shi kuwa John Singer Sargent ya kwafi ayyukan Velázquez a gidan adana zane-zane na Prado a 1879, sannan na Frans Hals a birnin Haarlem a 1880, kuma sakin hannun da aka san shi da shi wajen jan burushi yana da nasaba da waɗannan biyun.

Hanyar tana da tarko da ya kamata malamai su riƙa nuna wa ɗalibai. Man sheƙin da ake shafa wa zane don kare shi yakan koma rawaya da tsufa, wasu launuka kuma sukan dushe ko su yi duhu, don haka mai kwafa marar lura yakan ɗauki ɓarnar shekaru a matsayin nufin mai zanen. Matsalar ta fi tsanani ga mai kwafa daga hoton littafi ko fuskar kwamfuta, domin hoto ba ya nuna kaurin fenti, alhali a ayyukan gwanin zane Rembrandt na ƙarshen rayuwarsa farin da ya tara a goshi da hanci tudu ne na gaske da ke kama hasken ɗaki, inuwar gefensa kuwa siririn shafi ce.