Zangarniyar Iri da Shibra: Abin da Yis Ya Bayyana Kan Hatsin Damargu

Daga Belbeji zuwa Tenhya, inda gonaki ke sirancewa su bar wa makiyaya fili, manomin da ya san aikinsa ba ya ɗibar iri daga hatsin ci. Tun a kaka yake ware zangarniyar da ta cika ido, mai kauri, wadda ƙwayarta ta matse har yatsa ba ya samun wurin shiga. Ya ɗaure ta daban, ya adana a rumbu ba sussuka, sai ruwan shuka ya sauka. Da haka aka riƙe irin ankutes, gajeren hatsin nan na ƙasar Tanut.

Amma ko da an yi wannan, shibra sai ta fito. Kanta ƙarami ne mai gashi, tana rigan hatsi nuna, kuma da an taɓa ta ƙwayar ta zube. Mai gona bai shuka ta da saninsa ba. Daga ina?

Rabin amsar na cikin iska. A zangarniyar gero ɓangaren mace ne ke fara fitowa kafin bununinta ya nuna, saboda haka galibi ƙurar bununin wata shuka ce ke yi mata barbara, ta maƙwabci, ko ta shibra, ko ta geron daji. Mai zaɓen iri ya ga uwa, uban kuwa bai san shi ba.

Sauran rabin daga yis ɗin burodi aka gano shi. Yayin da halitta za ta samar da ƙwayoyin haihuwa, ta hanyar rabuwar da masana ke kira mayosis, zaren gado na uwa da na uba sukan jeru su yi musayar yanki. A 1983 Jack Szostak da abokan aikinsa suka ce musayar tana farawa ne da tsinkewar DNA gaba ɗaya, a 1989 kuma aka ga tsinkewar a kusa da wani wurin gado na yis mai suna ARG4. A 1997 Scott Keeney da Craig Giroux da Nancy Kleckner suka nuna cewa furotin mai suna Spo11 ne ke yankan. Wato halitta da kanta take tsinka gadonta, kusan wuri 160 a kowace rabuwa a yis, sannan ta ɗinke ta hanyar kwafar zaren ɗan'uwa. Kimanin 90 daga ciki ke ƙarewa da musaya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yankan ba ya faɗawa ko'ina daidai. Taswirar da aka fitar a 2011 ta nuna wurare fiye da 3,600 da ya fi yawa, akasari inda zaren yake a buɗe, gab da mafarin wuraren gado. Kusa da maɗaurin zaren kuwa da wuya ya auku. Kamar garke ne da ke tsallaka kwari ta mashigan da ya saba. Dangin Spo11 na nan a jikin tsirrai da mutane.

Gero yana da zaren gado tagwaye 7, yis yana da 16. A gero musayar ta fi taruwa wajen bakin zaruruwan, tsakiyarsu kuma takan wuce daga uwa zuwa ɗa kusan a dunƙule. Binciken Valérie Poncet da abokanta a shekara ta 2000 ya samu cewa da yawa daga halayen da suka raba geron gida da na daji, irin su riƙe ƙwaya da siffar kai, sun taru a zaren gado na 6 da na 7. Shi ya sa hatsi bai narke cikin geron daji ba duk da shekaru dubbai na maƙwabtaka, shi ya sa kuma shibra ke zuwa da halayenta a haɗe, har ido ya gane ta.

A ganina nan ne ƙarfin al'adar zaɓen iri yake, nan ne kuma iyakarta. Idon manomi yana aiki: da masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa suka gwada irin da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a 2003, sun tarar hatsin ya koma fitar da kai da wuri, daidai da gajartar damina. Sai dai zaɓe a ranar girbi ya makara, don barbara ta riga ta wuce. Cire shibra lokacin noman farko ma ba ya wadatarwa, tana ƙarama ba kowa ke bambance ta da hatsi ba. Wasu kuma da gangan suke barinta, ita ce ke fara kai abinci gida a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma ba mai ganin laifinsu.

Shekarar fari ta fi kowace ɓarna. An cinye irin da aka ware, sai a sayo tiya a kasuwa, hatsin da aka sussuke a haɗe, a zuba a rami. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a keɓe wani yanki a tsakiyar gona don iri, nesa da gefen da ke kallon daji, a tumɓuke shibrar da ke cikinsa da zarar ta fid da kai kafin bununinta ya tashi, a bar ta gefen gona ga mai bukatar ci.