Kiɗan Gauraye: Wa Aka Gayyata, Wa Aka Manta?

Duk wanda ya halarci biki a Tambuwal ko Kebbe a 'yan shekarun nan ya san irin kiɗan da ke fita daga lasifika. Fiyano ce ke jan gora, muryar mawaƙi tana lanƙwasa irin ta finafinan Indiya, bugun da ke ƙasa kuwa daga Legas ya taso. Matasa na kiran wannan ci gaba, dattawa na kiransa lalacewa. A nawa nazari, ɓangarorin biyu sun kauce wa ainihin tambayar, wato me aka gauraya, kuma wa aka bari a waje.

Da farko, ya kamata masu kukan asali su tuna cewa kiɗan Hausa ya daɗe yana aro. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka fara busa kakaki a fadar Kano. Algaita da bandiri, sunayensu kaɗai sun isa shaida cewa daga ƙasashen Larabawa suka ƙetaro Sahara. Nana Asma'u (1793–1864) ta yi waƙa da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma hau ma'aunan waƙar Larabawa ba tare da Hausarta ta yi tuntuɓe ba. Abin da muke kira gargajiya a yau baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari.

Tambuwal kanta mahaɗa ce. Ribaɗi ce ta Muhammadu Buhari ɗan Shehu, tana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega da Yawuri. Kebbe tana maƙwabtaka da Gummi ta Zamfara, ƙasar Zuru kuma ba ta da nisa daga kudu. A kasuwa ɗaya za ka iske Bahaushe manomi, Bafulatani makiyayi, Bazabarme da Badakkare. Idan akwai inda kiɗan gauraye ya dace ya tsiro da kansa, to nan ne. Amma abin da ake sa wa a bukukuwanmu yana da rauni ta fuskoki uku.

Na farko, karin sauti. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana. Da shi ake rarrabe kukar miya da kukan jariri. Shi ya sa kalangu da kotso ke magana: makaɗi yana bin karin kalma, mai sauraro ya ji zance a cikin fata. Ibrahim Narambaɗa da Sa'idu Faru da Salihu Jankiɗi sun gina waƙoƙinsu ne a kan wannan doka, kiɗa yana yi wa magana hidima. Mawaƙin sutudiyo kuwa sau da yawa yakan fara da karin da ya aro, sannan ya cusa kalmomi a ciki, ko da za su karye. Sai a ji daɗin sautin, a nemi zancen a rasa.

Na biyu, karin harshe. Tun bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, Kano ta zama cibiyar waƙar zamani. Ba laifi ba ne, sai dai yaron da aka haifa yana cewa "shina tahiya", da ya kama makirfo sai ya koma "yana tafiya", don yana jin Sakkwatanci ƙauyanci ne. Alhali da wannan harshe Narambaɗa ya yi suna har Nijar. Waƙar da ke iƙirarin haɗa al'adu, amma ta fara da shafe muryar mai ita, ragi ta yi a inda take zaton ƙari.

Na uku, kuma mafi nauyi, maƙwabci. Mun ɗauko kari daga Mumbai, mun ɗauko bugu daga Legas, amma ina sarewar Bafulatanin da ke kiwo a bayan gari? Ina gogen Zabarmawa? Ina gangar noma? Mun gayyaci baƙon nesa, mun manta da wanda muke katanga ɗaya da shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ana iyawa. Ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni ta zaunar da sarewar Fulani kusa da jita da molo. Etran Finatawa, wadda aka kafa a 2004, ta haɗa Buzaye da Fulanin Bororo a dandali ɗaya. Tal National ta Yamai tana rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci. Dukansu sun rungumi kayan kiɗan Turawa, amma tsakanin 'yan ƙasa aka fara ƙulla zumuncin, shi ya sa duniya ta saurare su.

Ba zan ɗora wa matasanmu laifin duka ba. Fiyano ɗaya ta fi sauƙin kuɗi a kan ɗaukar makaɗa da 'yan amshi, fadodin da ke riƙe mawaƙa a da sun rage ƙarfi, rashin tsaro kuma ya taƙaita wasannin dare a ƙauyuka. Sai dai wannan dalili na ƙarshe shi ne ya ƙara wa maganar nauyi. A lokacin da zargi ya shiga tsakanin manomi da makiyayi, waƙar da sarewa ke amsa wa ganga a cikinta tana tuna wa mutane zaman da suka gada, ta hanyar da jawabin siyasa ba zai iya ba.

Saboda haka ma'aunina ga kowace waƙar gauraye guda biyu ne: shin kalma ta tsira da karinta, kuma shin maƙwabci ya ji kansa a ciki? Mawaƙin da ya cika waɗannan, ya ari abin da ya ga dama daga ko'ina. Wanda bai cika ba, ya fara komawa wurin tsofaffin makaɗan garinsu tun suna da rai, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.