Haɗawa da Zaɓe: Sharhi Kan Buga Rubutun Koriya da na Sin a Kwamfuta

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, watau a zuba rubutun Koriya da na Sin a kwando ɗaya, a ce wai duka biyun sun fi ƙarfin maɓallan kwamfuta. Game da Koriya dai, maganar ba ta da tushe. Hangul, rubutun da Sarki Sejong ya ƙago a 1443, haruffa ne, baƙaƙe 14 da wasula 10. A tsarin da ya fi yaɗuwa, baƙaƙe suna hagu, wasula suna dama. Mai bugu yana danna su bi da bi, na'ura tana harhaɗa su cikin gaɓoɓi. Ko da yake gaɓoɓin da ke iya samuwa sun kai 11,172, ba ta tambayarsa komai.

Rubutun Sin shi ne mai tsayar da hankali, domin alamominsa dubbai ne, kowace da ma'anarta. Yawancin mutanen ƙasar suna bin Pinyin, tsarin rubuta lafazi da baƙaƙen boko wanda hukuma ta amince da shi a 1958. Mutum ya buga "shi", alal misali, sai na'ura ta jero masa alamomi masu wannan lafazi, ya zaɓi ɗaya. Ba a buga karin sauti, kamar dai yadda mu ma muke rubuta "fari" mu bar jimla ta bambanta launi da rashin ruwan sama.

Ana yabon wannan hanya saboda sauƙi, kuma lalle tana da shi. Sai dai masu yabon ba su cika faɗin kuɗinta ba. Aikin da hannu ke yi ya koma ga ido, mutum yana gane alama amma ya kasa zana ta, har Sinawa suna da lafazi na musamman kan ɗaukar alƙalami a manta alama. Haka kuma Pinyin lafazin Mandarin yake bi, saboda haka mai jin Kantonis sai ya ratsa ta harshen wani kafin ya isa ga rubutunsa.

A ganina an yi gaggawar juya wa hanyoyin siffa baya. Cangjie, wadda Chu Bong-Foo ya fitar a 1976, da Wubi ta Wang Yongmin a 1983, suna rarraba alama zuwa sassanta, ba ruwansu da lafazi. Koyonsu da wuya, ba musu. Amma mai Wubi ba ya wuce maɓalli 4 a kowace alama, kuma dole siffarta ta kasance a kansa kafin ya taɓa na farko.