Ƙotar aro a cikin Neovim

Duk wanda ya taɓa noma ya san manomi ba ya son a ɗaukar masa fartanya. Ƙarfenta iri ɗaya ne da na kowa, ƙotar ce ta saba da tafin hannunsa. Haka masu rubuta manhaja suke da editan da suke wuni a cikinsa, shi ya sa ban taɓa ganin laifin wanda ya raba dare yana gyaran fayil ɗinsa na .vimrc ba. Ɗabi'a ce tsohuwa. Bill Joy ya rubuta vi a 1976, Bram Moolenaar ya fitar da Vim a 1991, kuma tun lokacin kowa ke sassaƙa tasa ƙotar, layi bayan layi, shekara da shekaru.

Yayin da ake ciki yanzu ne bai kwanta mini ba. Neovim ya ɓalle daga Vim a 2014, amma a 2021 aka yi ambaliyar, da siga ta 0.5 ta ba da damar rubuta saiti gaba ɗaya da harshen Lua, ta kuma zo da LSP a cikinta, tsarin nan da Microsoft ta ɓullo da shi a 2016 wanda ke sa edita ya ƙarasa maka kalma ya nuna maka kuskure tun kana rubutu. Daga nan fulogin suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. Sai ga dafaffun saituka irin su LazyVim da NvChad da AstroNvim: ka kwafo daga GitHub, cikin mintuna kaɗan allonka ya yi kyau kamar na bidiyon YouTube. Yaro ya ɗauki hoto ya baza, wai ga editansa. Ka tambaye shi abin da layi na talatin yake yi, sai sosa ƙeya.

Ba daga nesa nake jifa ba, ni ma na yi. Na kwaso saitin wani bawan Allah, fulogin sun haura hamsin, na yi wata uku ina taƙama. Wata safiya da zan miƙa aiki na sabunta su duka lokaci guda, editan ya buɗe da jan rubutu tun daga sama har ƙasa. Laifina ne ba na kowa ba, domin ban san wanne ya dogara da wanne ba. A ranar, da editan nano na ƙarasa aikin, ina jin kunyar kaina. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Mafi yawan fulogin ɗin nan, kowanne mutum ɗaya ne ke riƙe da shi, a lokacin hutunsa, ba albashi. A 2023 aka daina kula da packer.nvim, aka kuma rufe null-ls, alhali dubban saituka a kansu suke tsaye. Ban ga laifin masu su ba, ɗan Adam yana gajiya. Amma wanda ya san abin da ya girka zai canza layi biyar ya wuce, wanda ya kwafo kuwa sai ya zauna jiran wani ya gyara masa.

Za a ce dafaffen saiti yana rage wa sabon shiga wahala. Gaskiya ne, kuma wanda aikin kawai yake so ya buɗe VS Code, ba abin kunya ba ne. Wanda kuma Neovim ɗin yake so da gaske, na fi son in ga ya fara da kickstart.nvim, wanda kusan fayil ɗaya ne cike da bayani, an yi shi don a karanta a gane.

Ni dai na share komai na sake daga farko, da sharaɗi guda: ba na ƙara fulogin sai abu ɗaya ya dame ni sau uku. Yanzu bakwai gare ni, biyu daga ciki na Tim Pope ne, fugitive da surround. Launin allona ba ya burge kowa. Kwanaki wani ƙanena ya ce, "Yaya, turo mini init.lua ɗinka mana." Na tura. Can da yamma ya kira yana tambaya ko na manta ban haɗo da sauran ba.