Layi Biyu a Kan Tsinke Ba Hukuncin Hanta Ba Ne

Yawaitar gwajin ciwon hanta nau'in B a asibitoci da tarukan wayar da kai da kuma gabanin ɗaurin aure, musamman tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiyar masu shirin aure a 2024, ci gaba ne da ya cancanci yabo, sai dai abin takaici shi ne yadda aka mayar da ɗan tsinken nan da ake ɗiga wa jini alƙali, da zarar ya nuna layi biyu sai a miƙa wa mutum takarda a ce yana da ciwon hanta, a sallame shi da fargaba ba tare da bayani ba. Abin da tsinken ke kamawa shi ne HBsAg, wato furotin da ke jikin ɓawon ƙwayar cutar, wanda Baruch Blumberg ya gano a shekarun 1960 har ya samu kyautar Nobel a 1976. Bayyanarsa tana nuna cewa ƙwayar na cikin jini, amma ba ta faɗin ko kamun sabo ne ko tsoho, ba ta faɗin yawan ƙwayar, ballantana halin da hantar kanta take ciki.

Aikin gaskiya yana farawa ne daga inda masu tsinke suke tsayawa. Ana maimaita gwajin bayan wata shida, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka kamu suna manya jikinsu kan kawar da ƙwayar da kansa, sannan a auna ALT, wani sinadari da hanta ke zubarwa cikin jini idan tana jin rauni, a ƙirga yawan ƙwayar, a kuma bincika ko tabo ya fara taurara hantar. Na'urar FibroScan tana yin wannan ba tare da an huda ciki an ɗebo tsoka ba: majinyaci ya kwanta rigingine ya ɗaga hannun dama sama da kansa, a kafa kan na'urar tsakanin haƙarƙari, ta ɗan buga fata, ta auna saurin da girgizar ke ratsa hanta, domin gwargwadon taurin hanta gwargwadon saurin wucewarta. Inda babu ita akwai lissafin APRI, wanda ake fitarwa daga sinadarin AST da adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, gwaje-gwaje biyu da kusan kowane babban asibiti yake yi. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 sun ce wanda APRI ɗinsa ya haura 0.5, ko awon taurin hantarsa ya wuce kilofaskal 7, ya cancanci a ɗora shi kan magani irin su tenofovir.

To amma duk wannan an bar shi a littafi. Ana fasa aure saboda layi biyu, alhali allurar rigakafi sau uku tana kare abokin zama, kuma allurar da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa tana rage haɗarin kamuwarsa ƙwarai. Ana kwasar kuɗi ana kai wa masu tallar magani da lasifika, waɗanda ke alkawarin wanke jini cikin makonni, alhali wasu haɗe-haɗen nasu hantar suke ƙara wa nauyi. Mafi ciwo kuma shi ne wanda aka yi wa hoton ciki aka ce hantarsa lafiya lau, ya tafi ya saki jiki, bai san cewa hoton ba ya ganin tabo a farkonsa ba, sai ranar da ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa. A ƙasar nan, inda wani bincike mai suna NAIIS na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin ɗari na manya ɗauke da ƙwayar, wannan sakaci ba ƙaramin abu ba ne.

Gaskiya ne gwajin ƙirga ƙwayar yana da tsada, FibroScan kuma sai a manyan birane, amma APRI bai fi ƙarfin babban asibitin jiha ba. Wajibi ne hukumomin lafiya su sharɗanta wa duk mai yin gwajin tsinke ya haɗa sakamakonsa da takardar tura majinyaci ga likita, a kuma auna AST da ƙwayoyin jininsa kafin a yanke masa wani hukunci kan magani ko aure.